Gida Yana Nan, Mai Nuna Hanya Ya Tashi

 Ina so mu tattauna a kan wata magana wadda wani zai ɗauka ta masu kwamfuta ce kaɗai, alhali kuwa ta shafi duk wanda ya taɓa aika wa ɗan'uwansa adireshin intanet ta salula, ko ya kwafe shi daga allo zuwa kaye, ko ya buga shi a takarda ya raba wa mutane. Maganar ita ce ta gajerun adireshin nan da ake yi wa shafuffukan intanet, da abin da ke faruwa ranar da kamfanin da ya gajarta su ya rufe ƙofarsa.

Waɗanda suka yi wayo kafin zuwan salula sun san yadda ake aika wasiƙa ƙauye. Ba kowa ke da akwati a gidan waya ba, saboda haka sai a rubuta a bayan ambulan: zuwa ga wane, ta hannun Alhaji wane mai kanti, bakin tasha. Mai kantin ya san kowa, ya san ƙauyen kowa, ya san wanda zai ba saƙon ranar kasuwa. Muddin yana nan, wasiƙa ba ta ɓata. Amma ranar da ya rasu, ko ya tashi ya koma wani gari, sai direba ya zo ya tarar da kanti a rufe. Wanda aka rubuta wa wasiƙar yana nan da ransa, gidansa bai gusa ko da taku ɗaya ba, amma saƙo ba zai isa ba, domin ba a rubuta sunan ƙauyensa a ambulan ba. An bar sanin hanyar duka a kan mutum ɗaya. To, haka gajeren adireshi yake aiki.

Kowane shafi a intanet yana da adireshinsa na asali, wanda sau da yawa dogo ne ƙwarai, har ya cika layi biyu ko uku. Sai wasu kamfanoni suka ce: kawo dogon, mu ba ka gajere. Abin da suke yi bai wuce aikin magatakarda mai rajista ba. A shafi ɗaya na rajistar su rubuta dogon adireshinka, a ɗaya shafin su rubuta wasu haruffa biyar ko shida ko bakwai da injinsu ya zaɓa. In wani ya latsa gajeren, wayarsa ba ta zuwa wurin darasi ko labarin da yake nema kai tsaye. Tana fara biyawa ta wurin kamfanin, injin kamfanin ya duba rajista, ya ce mata ga inda za ki, sa'an nan ta wuce. Duk wannan yana faruwa cikin ƙiftawar ido, shi ya sa mai latsawa bai san an yi zango a hanya ba.

Abin lura a nan shi ne, haruffan nan ba su ɗauke da ma'anar kome. Ana haɗa su ne daga manyan baƙaƙen boko 26, da ƙanana 26, da lambobi 10, wato alamomi 62. Da alamomi shida kacal ana iya fitar da adireshi fiye da biliyan 56, ba wanda ya yi daidai da wani. Dogon adireshi kuwa, ko da ya mutu, yakan bar sawu: kana ganin sunan jaridar ko makarantar da ta buga abin, wani lokaci har da shekara da kan labarin, ka bi ta nan ka nemo shi. Gajere in ya mutu ba ya barin kome. Sai ka zauna kana kallon haruffa shida kamar wanda aka ba makulli ba a nuna masa ɗaki ba.

Ba don wasa aka ƙirƙiro wannan dabara ba, bukata ce ta kawo ta. Wani Ba'amurke mai suna Kevin Gilbertson ya buɗe TinyURL a 2002, lokacin da dogayen adireshi ke karyewa biyu a cikin wasiƙun imel har su ƙi buɗewa. Saƙon waya na rubutu ba ya wuce haruffa 160. Da Twitter ta fito a 2006, wadda aka sauya wa suna zuwa X a 2023, ta ƙayyade kowane rubutu ga haruffa 140, kuma ba ta ninka shi zuwa 280 ba sai a 2017. Mai haruffa 140 ba zai iya ba adireshi ɗaya 100 daga ciki ba. Daga nan kasuwa ta buɗe: Bitly ta fito a 2008, Google ya kawo nasa mai suna goo.gl a watan Disamba na 2009, ƙananan kamfanoni kuwa suka yi ta tsirowa kamar ciyawar damina. Mu malaman makaranta ma mun ga amfaninsa, domin duk wanda ya taɓa rubuta dogon adireshi a allo, yara sittin suna kwafa, ya san cewa rabinsu za su tsallake harafi ko su juya alama.

Amma fa tun da wuri aka ga alamar inda abin zai kai. A watan Agusta na 2009 masu wani gajeren adireshi da ake kira tr.im suka ba da sanarwar za su rufe, suka ce ba su ga hanyar samun kuɗi da wannan aiki ba, ga shi kuma Twitter ta zaɓi Bitly ta bar saura. Suka yi alkawarin adireshin da aka riga aka yi za su ci gaba da aiki har ƙarshen shekarar. Mutane suka yi ca a kansu, bayan ƴan kwanaki suka janye maganar. Duk da haka tsoro ya riga ya shiga, har a cikin wannan shekara aka kafa wani shiri mai suna 301Works a ƙarƙashin ma'ajiyar Internet Archive, domin kamfanonin su riƙa ajiye kwafin rajistarsu a can saboda ɓacin rana. Lambar 301 ɗin nan ita ce amsar da inji ke bayarwa in yana nufin abin da kake nema ya ƙaura, ga sabon wurinsa. Ƴar'uwarta da kowa ya fi sani ita ce 404, wadda ke nufin ba a samu ba.

Akwai kuma wani ɓangare da ya taɓa maƙwabciyarmu Libiya. Haruffa biyu na ƙarshen adireshi sau da yawa na wata ƙasa ne: .ne namu ne na Nijar, .ng na Nijeriya, .gh na Gana, .td na Chadi. To .ly ɗin da ke ƙarshen bit.ly na Libiya ne, .gl na goo.gl kuma na tsibirin Girinlan ne, can ƙasar ƙanƙara. Kamfanonin sun zaɓe su ne don gajarta da daɗin faɗa kawai. A 2010 hukumar da ke kula da sunayen .ly ta soke wani gajeren adireshi mai suna vb.ly, ta ce abin da ke shafinsa ya saɓa wa dokokin ƙasar. Ba na jayayya da dalilinsu. Abin da nake so mu gani shi ne, da sa hannu ɗaya a wani ofis, duk adireshin da aka gajarta ta wannan suna suka daina aiki rana ɗaya, mai kyau da marar kyau. Ashe mai nuna hanyar ma a gidan haya yake zaune.

Wani zai ce ai waɗannan ƙanana ne, babba ba zai faɗi ba. To mu duba abin da ya faru da goo.gl. A ƙarshen Maris na 2018 Google ya sanar da cewa zai janye daga wannan aiki. Daga 30 ga Maris na 2019 ba wanda ya sake iya yin sabon adireshi, amma aka bar tsofaffin suna aiki. A watan Yuli na 2024 sai sabuwar sanarwa ta fito cewa tsofaffin ma za su daina aiki ranar 25 ga Agusta na 2025, kuma daga Agusta na 2024 aka fara nuna wa masu latsawa shafin gargaɗi kafin a wuce da su. Hujjar da kamfanin ya bayar ita ce fiye da kashi 99 cikin 100 na adireshin ba wanda ya latsa su a cikin watan da ya gabata. Masu bincike da masu ɗakunan karatu suka yi ta ƙorafi. A farkon Agusta na 2025, saura ƴan makonni wa'adi ya cika, kamfanin ya sassauta: ya ce zai bar waɗanda ake amfani da su, zai kashe waɗanda ba a ga motsinsu ba a ƙarshen 2024. Waɗanda manhajojinsa ke yi da kansu, kamar na taswirar Google Maps, ba su cikin wannan hukunci.

A kan hujjar nan ta kashi 99 nake so in ɗan tsaya, domin a nan ne ni da masu lissafin kamfani muka rabu. In aka shiga ɗakin karatu aka ce duk littafin da ba a buɗe ba cikin wata ɗaya a fitar da shi, me zai rage? Littattafan jarrabawa da na labaran soyayya. Ƙamus na tsohuwar Hausa zai fita, littafin tarihin gari zai fita, takardun shari'ar gona za su fita. Malami yana koyar da raba lamba sau ɗaya ne a shekara, saboda haka adireshin da ya ajiye na wannan darasi wata goma sha ɗaya yana kwance. Wanda ya rubuta kundin digiri ya sa gajeren adireshi a ƙasan shafi a matsayin hujja, mai yiwuwa sai bayan shekara goma wani ɗalibi zai zo ya bi sawu. Abin da ake latsawa kullum, ko an kashe shi mutane za su nemo shi da kansu, domin suna tune da shi. Wanda ba a latsawa sai jifa-jifa shi ne ya fi bukatar rajista, kuma shi ne irin wannan awo ke fara yankewa.

Ni ma na ga irin wannan da idona. A watan Maris na 2020, da aka rufe makarantu saboda annobar korona, mu malaman lakwal ɗinmu muka zauna muka ce bai kamata yara su zauna haka nan ba. Muka tattara darussan karatu da na lissafi, wasu daga cikinmu suka ɗauki muryarsu a waya suna bayani da Hausa, yadda uwa ko yaya za su iya taimaka wa yaro a gida. Wani matashin malami da ya fi mu hannu a kwamfuta ya ɗora su a wurare dabam-dabam na intanet, ya gajarta adireshinsu ta wani kamfani mai yi kyauta, muka jera su a takarda biyu, muka yi fotokofi muka raba wa iyaye. A lokacin ba abin da ya fi wannan dacewa. Uban da zai je ya ari wayar maƙwabci ya buga adireshi da yatsa ɗaya, ba za ka ba shi layi uku na haruffa ba. Kuma abin ya yi amfani, domin yara da dama sun dawo ba su manta baƙaƙensu ba.

Bayan shekaru, wata sabuwar malama da aka turo mana ta ga takardun nan a kabad ɗin darekta. Aji na farko aka ba ta, tana neman yadda za ta koya wa yara bambancin b da ɓ, da d da ɗ, da k da ƙ. Ta ga an rubuta cewa akwai bayani a kan haka da muryar wani dattijon malami da muka yi aiki da shi. Ta buga adireshin, bai buɗe ba. Ta gwada na biyu, ta gwada na uku, duk haka. Kamfanin ya rufe, ba sanarwa, ba sallama. Muka nemi matashin nan a waya, a lokacin an riga an mai da shi wata jiha, wayar da ya yi aikin da ita kuma ta daɗe da lalacewa. Allah ya saka masa, ya zauna ya tuna wuraren da ya ɗora wasu, ya nemo mana su. Amma na dattijon ba su samu ba, shi kuwa Allah ya yi masa rasuwa. Mutum ne da ya yi fiye da shekara talatin yana koya wa yara karatu, yana da wata dabara ta sa yaro ya ɗora hannu a maƙogwaro ya ji bambancin sauti. Sau ɗaya aka taɓa ɗaukar muryarsa yana wannan bayani. Allah ya jiƙansa da rahama.

Wannan shi ne abin da ya sa na ce maganar ta fi shafarmu fiye da masu manyan harsuna. In darasin Faransanci ko na Ingilishi ya ɓace, akwai ɗari irinsa a wani wuri. Abin da aka rubuta ko aka ɗauka da Hausa, ko Zabarmanci, ko Fulatanci, ko Barbarci, sau da yawa kwafi ɗaya ne tak, mutum ɗaya ya ɗora shi, ta hanya ɗaya ake isa gare shi. Wa'azin malamin unguwa, hira da tsohuwar da ta san tarihin zuriya, bayanin likitan dabbobi a gidan rediyon gari, rahoton ƙungiyar ƴan asalin ƙauye a kan kuɗin da aka tara na gina rijiya: in hanyar ta toshe, shi ke nan.

Kada kuma a ɗauka dogon adireshi ba ya mutuwa. Yana mutuwa ƙwarai. Cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta fitar da rahoto a watan Mayu na 2024 wanda ya nuna cewa kashi 38 cikin 100 na shafuffukan da ke intanet a 2013 ba a iya samunsu bayan shekara goma. Rahoton ya ce kashi 54 cikin 100 na shafuffukan Wikipedia da aka duba suna da aƙalla adireshi ɗaya matacce a cikin hujjojinsu, haka kuma kashi 23 na shafuffukan labarai suna ɗauke da adireshi aƙalla ɗaya da ba ya buɗewa. Tun kafin nan, wasu masana shari'a na Jami'ar Harvard, cikinsu har da Jonathan Zittrain da Lawrence Lessig, sun buga bincike a 2014 da ya gano cewa kusan rabin adireshin da ke cikin hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli ta Amurka ba su kai mai karatu ga abin da alƙali ya kafa hujja da shi. In haka ta sami kotun ƙolin ƙasa mai arziki, ina ga kabad ɗin darekta? Masu iya magana sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Abin da gajeren adireshi ke yi shi ne ƙara ƙofa ta biyu a kan ta farko. Da can ƙofa ɗaya ce za ta iya rufewa, yanzu biyu ne, kuma kowace ta rufe ba ka shiga.

Abin mamaki shi ne mu ba baƙi ba ne a wajen kiyaye asalin magana. Malaman hadisi ba su karɓar magana sai an faɗi wanda ya ji daga wane, shi kuma daga wane, kuma in mutum ɗaya ya faɗi daga silsilar sai darajar hadisin ta ragu. Masu kwafar littattafai da hannu a ƙasashenmu, in sun kai ƙarshe, sukan rubuta sunan littafin da na mawallafinsa da nasu, wani lokaci har da ranar da suka gama. Wanda ya je cibiyar binciken IRSH a Yamai, inda ake ajiye dubban rubuce-rubucen Larabci da ajami waɗanda marigayi Bubu Hama ya fara tarawa, zai ga irin wannan. Mu kuma a makarantar horon malamai an koya mana cewa takardar shirin darasi ba ta cika ba sai an rubuta littafin da aka ɗauko darasin, da mai littafin, da lambar shafi, kuma in mai duba makarantu ya zo yana duba wannan. Hikimar duka ɗaya ce: a bar wa na baya isasshen bayani da zai nemo abu da kansa ko da wanda ya nuna masa ba ya nan. Haruffa shida marasa ma'ana ba su cika wannan sharaɗi ba.

Adalci kuma shi ne a faɗi uzurin kamfanonin. Injunan da ke riƙe da rajistar suna cin wuta dare da rana, akwai ma'aikatan da ake biya, akwai kuɗin hayar suna da ake sabuntawa. Ga ƴan damfara da ke fakewa da gajeren adireshi, tun da yana ɓoye inda zai kai ka. Kowa ya taɓa samun saƙon nan na WhatsApp mai cewa latsa nan ka sami kyautar kuɗi ko ta kiran waya. Tsare wannan ma aiki ne mai cin kuɗi. Mu kuwa ko dala ba mu biya ba, ba mu sa hannu a wata yarjejeniya da ta ce za a riƙe mana har abada ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda bai rufe ba yakan nemi wata hanyar fanshewa, kamar yadda Bitly ta fara a 2025 nuna shafin talla kafin ta wuce da wanda ya latsa adireshin masu amfani da ita kyauta. Saboda haka zagin kamfani ba zai dawo da kome ba. Zanen aro ba ya rufe katara, mai shi yana iya karɓar abinsa ranar da ya so.

Akwai wani haɗari da ya fi ƙin buɗewa muni, wanda nake roƙon iyaye da malamai su kula da shi. Sunan shafi a intanet haya ake yi, shekara-shekara. In kamfani ya mutu bai sabunta ba, wani yana iya sayen sunan, ya juya duk masu zuwa inda ya ga dama: gidan caca, ko shafin batsa, ko tarkon satar lambobin sirri. Takardar da aka raba wa yara da hatimin makaranta tana nan a gida, yaro ya ɗauko ya buga da yardar cewa mushe ne ya ba shi. Haka nan alamar nan mai murabba'i da ake haskawa da kyamarar waya, wadda ake kira QR. Da yawa daga cikin waɗanda ake yi kyauta, abin da ke cikinsu gajeren adireshin wani kamfani ne. Ana buga ta a katin biki, a allon kanti, a bangon littafi, ana ganin ta dawwama, alhali ranta yana hannun wani da ba a sani ba.

Alhamdu lillahi, akwai masu ƙoƙarin ceto. Internet Archive, wadda Brewster Kahle ya kafa a 1996 a birnin San Faransisko, tana ajiye hoton shafuffuka a ma'ajiyarta mai suna Wayback Machine, wadda aka buɗe wa jama'a a 2001, kuma a watan Oktoba na 2025 ta yi bikin cika shafi tiriliyan ɗaya. Akwai ƴan sa-kai na Archive Team, waɗanda suka daɗe suna bin gajerun adireshi ɗaya bayan ɗaya suna rubuta inda kowane ke kaiwa, kuma sun yi aiki tuƙuru a kan goo.gl kafin wa'adinsa. Ɗakin karatun shari'a na Harvard ya buɗe Perma.cc a 2013 domin kotuna da mujallun ilimi. Wanda gajeren adireshinsa ya mutu, ya gwada sa shi a Wayback Machine, wani lokaci a dace. Amma waɗannan bayin Allah ba za su san abin da ke da daraja a garinmu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Saboda haka ga ƴan shawarwari ga ƴan'uwana malamai, da sakatarorin ƙungiyoyi, da masu rubutu a wannan mujalla. Na farko, duk inda za ka ba da adireshi a takarda, rubuta sunan abin, da wanda ya yi shi, da sunan shafin da yake, da shekara. In gajeren ya mutu, wannan bayani zai isa a nemo shi. Na biyu, in kana da tsofaffin gajerun adireshi a kaye ko a waya, buɗe su tun suna aiki, ka kwafe dogon da ya bayyana a saman shafi ka ajiye. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na uku, abin da ka san ba ka da madadinsa, murya ce ko hoto ko rubutu, sauke shi ka ajiye a wuri biyu, ɗaya a katin ajiya na waya ko a kwamfutar makaranta, ɗaya a hannun wani amintacce. In rubutu ne kuma bai fi ƙarfin aljihu ba, buga shi a takarda. Na huɗu, a shafin web.archive.org akwai gurbin da kowa zai iya sa adireshi ya ce a ajiye masa hoton shafin, ba a biyan ko dala. Na biyar, in dole ne a yi amfani da gajere saboda allo ko saƙon waya, to makaranta ko ƙungiya ta sayi kaye ɗaya, ta ja layi a tsakiya, gajere a hagu, dogo da bayaninsa a dama, a ajiye a ofis tare da rajistar sunayen yara. Rajistar da kamfani ke riƙewa ke nan, sai dai wannan tana hannunmu.

Na ƙarshe, mu koya wa yara wannan tun suna ƙanana. In ɗalibi ya kawo aiki ya ce ya samo a intanet, a tambaye shi wa ya rubuta, a wane shafi, yaushe. In bai sani ba, a mai da shi ya dubo. Yaron da ya saba da wannan tambaya ba zai yi saurin latsa saƙon ɗan damfara ba, kuma ran da ya girma ya zama mai rubutu zai bar wa na bayansa sawun da za su bi.

Ina roƙon wanda ya karanta wannan ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman shugabannin ƙungiyoyinmu da ke da takardu a akwati. Wanda kuma yake da wata dabara da ta fi waɗannan, ya rubuto wa wannan fili mu ƙaru da shi. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya ba mu ikon kiyaye shi, ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya. Sai wani watan in Allah ya kai mu. Wassalam.